Gashin da Aka Binne a Gindin Ɓaure

Tun da Zuhur ta fita jego gashinta ya fara zuba. In ta sa mataji sai ya fito dam, in ta je gidan wankan mata na unguwarsu a Sefru sai ta ga baƙin gashi yana bin ruwa. Wannan bai dame ta ba kamar abin da ta gani wata safiya ta ƙofar ɗaki: uwar mijinta, Lalla Rkiya, ta ɗauki matajin, ta tsince gashin tas, ta naɗe a tsumma ta cusa a ƙirji.

Ko yarinya ƙarama a garin ta san abin da ake yi da gashin mace in ya shiga hannun da bai dace ba. Da shi ake raba aure, da shi ake sa miji ya ga matarsa kamar buhun gawayi. Zuhur kuwa a gidan nan take zaune da tsohuwar, tukunya ɗaya, tsakar gida ɗaya.

Daga ranar ta daina cin abincin tsohuwar. Lalla Rkiya za ta shigo da kwanon kaza da hulba, ko gasasshiyar hanta, ta ce, "Ci, 'yata, mai shayarwa ba ta zama da yunwa." Zuhur ta ce, "Allah ya saka, Lalla," ta jira ta fita, ta hau saman soro ta juye wa kyanwa. Ita ta koma burodi da shayi. Kyanwa ta yi ɓul-ɓul har ba ta iya haura katanga, Zuhur kuwa ta rame, tsagar kanta ta yi faɗi. Ta ce a ranta, ai ga shi, aikin ya fara ci.

Mijinta Bushaib ne ya matsa mata ta je asibiti. Likitar, wata mace mai fara'a, ta ja gashin a hankali, ta duba ƙwayar idonta, ta sa aka auna jini.

"Zubar gashi bayan haihuwa ba ciwo ba ce, 'yar'uwa," in ji ta. "Lokacin ciki gashi yakan daina zuba, in an sauka sai ya zube gaba ɗaya, daga baya ya dawo da kansa. Amma ke jininki ya yi ƙasa sosai, shi ya sa naki ya ƙi tsayawa. Ba a ba ki nama a gida? Ba ki da tsohuwa mai dafa miki hanta?"

Zuhur ta sunkuyar da kai. Ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini ta fito. Amma zargi in ya samu wurin zama ba ya tashi da sallama ɗaya. To, ta ji, jini ne. Gashin da ake kwashewa fa? Wannan likita ba ta gan shi a na'urarta ba.

Suna shiga gida ita da Bushaib ta tarar da tsohuwar tsaye da matajin a hannu. Sai bakinta ya riga hankalinta.

"Lalla, wa kike kai wa gashina?"

Bushaib ya ce, "Zuhur, kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Ta faɗa a gabanka. Wane boka ne?"

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ta, ta ce, "Biyo ni." Ta kai ta gindin ɓauren da ke tsakar gida, ta durƙusa da ƙyar, ta ɗaga wani dutse, ta tone ƙasa da yatsu. Ga ƙullin tsumma nan jere, wasu sababbi, wasu sun ruɓe.

"Waɗannan naki ne. Kina barin gashi a mataji kamar ba ki da maƙiyi a duniya, ko wa ya shigo ya ɗauka. Waɗancan na Hafida ne." Hafida ce 'yarta guda, ta rasu wajen haihuwa tun kafin a kawo Zuhur gidan. "Uwa ce take binne wa 'yarta gashi. Ban taɓa yi wa bare ba."

Ta mayar da ƙasar, ta dafa itacen ta miƙe. "Kyanwar ma na ga ta yi ƙiba," ta ce, ta shige ɗaki.

Kunya ta rufe Zuhur har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta bi ta ta ba da haƙuri, ta sumbaci hannunta, tsohuwar ta ce babu komai. Amma magana zarar bunu ce. Da rana aka kawo hanta kamar kullum, aka ajiye a bakin ƙofa, aka ce, "Ga abinci, matar Bushaib."

Ta cinye tas tana hawaye. Washegari ta taje kai, ta bar matajin a inda ta saba bari, da gangan, ta fita tsakar gida ta daɗe. Da ta dawo gashin yana nan, ba wanda ya taɓa shi.