Muryar Dogo Ta Ƙarfe Bakwai

Kullum ƙarfe bakwai na safe ƙaramar wayar Umma takan yi ƙara a kan keken ɗinki. In ta ɗauka, sai ta ji muryar ɗanta Dogo, wanda zazzaɓin kwana uku ya tafi da shi sati biyar da suka wuce.

"Hajjaju, an sha maganin, ko sai na zo da bulala?"

Wata rana kuma ya ce, "Umma, ajiye almakashin nan. Fari ƙwaya ɗaya, ja rabi. Ina kallonki fa." Sai ta amsa masa, "To, uban iyayi," ta miƙa hannu kan taga inda robar maganin hawan jinin take. Ta san ba ji yake ba. Amsawar dai take yi.

Ba wani abin mamaki ba ne, aikin makaranta ne. Dogo da ƙanwarsa Auta suna zuwa wani karatun kwamfuta ranar Asabar, wanda suke ce wa DevOps. Umma ba ta taɓa iya faɗin sunan ba. Abin da ta gane shi ne, ana koya musu yadda za su sa wata kwamfuta da ke can nesa, wadda suke kira saba, ta riƙa yin aiki ita kaɗai ba mai tsaye a kanta. Sun wuce ajin farko, sun shiga na tsakiya, sai Malaminsu ya ce kowane mutum biyu su haɗa abin da zai tashi da kansa a kan lokaci. Dogo ya ce shi uwarsa zai sa wa ido. Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, ya ɗauki muryarsa kala talatin da ɗaya, kowace ranar wata da nata zancen. Auta ta rubuta wajen da ke buga waya, shi ya yi sauran.

Ranar Talata Auta ta dawo daga wurin aikinta, ta zauna a kan tarin yadi ba ta ko cire takalmi ba.

"Tashi daga kan kayan mutane," in ji Umma.

"Umma, makaranta za ta rufe wurin Yaya ƙarshen wata. Duk wanda ya bar karatu haka ake yi. In sun rufe, sabar ta tafi."

"Wayar fa?"

"Ita ma."

Umma ta ɗaga ƙafa daga kan keke. Saura kwana tara.

"To ki kara babbar wayarki a jikin tawa mana, duk safiya ki ɗauka."

"Kwana tara murya tara ke nan, Umma, da ƙarar keke da kukan kajin maƙwabta a ciki. Ki bar ni in kwaso miki su duka, tas. Abin da nake koya ke nan fa."

Umma ta bar ta. Ita iyakar karatunta rubuta awon kafaɗa da tsawon hannu a littafi, me za ta ce?

Auta ta kafa kwamfutarta a kan teburin yanka, ta ture alli da tef gefe. Kwana uku tana neman hanyar shiga sabar. Ashe ƙofar tana da makulli, makullin yana cikin kwamfutar Dogo, kwamfutar kuma tana neman kalmar sirri. Suka gwada ranar haihuwarsa. Suka gwada ta Umma, da lambar tsohon babur ɗinsa, da sunan kyanwar da ya taɓa kiwo. Auta ta daure ta kira yarinyar da yake nema, yarinyar ta yi ta kuka a waya, ita ma ba ta sani ba.

"Ɗan banza mai zurfin ciki," in ji Auta, tana share hanci da bayan hannu. "Ko a can sai ya wahalar da ni."

"Ki daina zagar min ɗa."

"Shi ya fara."

Ranar Asabar Umma ta yafa mayafi ta bi ta makarantar. Ɗaki ne a hawa na biyu, saman wani shagon tayoyi, fanka ɗaya ke aiki. Malamin ba tsoho ba ne, yana da sanƙo da ladabi. Ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, ya ba ta kujerarsa. Ya ce rufewar ba a hannunsa take ba, tsari ne, in ranar ta zo tsarin ne ke rufewa da kansa. Amma ya ce kada Mama ta damu.

"Mu a nan ba ma taɓa saba da hannu. Komai rubuta shi muke a takardar umarni, mu ajiye a rumbu. In saba ta mutu, a danna, wata ta tashi irinta sak. Marigayi kuwa ɗalibina ne na gaba-gaba, ba ya tsallake doka. Rumbun nasu ne su biyu, ita ma tana da izini. Ta canza adireshi zuwa nata wurin, shi ke nan."

Umma ta riƙe kalma ɗaya, sak. Da ita ta sauko matakala.

Ranar Litinin da hantsi Auta ta zauna yin aikin. Umma tana kafa aljihu a wata riga, tana satar kallonta. Yarinyar ta canza layi biyu, ta duba, ta sake dubawa, ta danna. Rubutu ya yi ta gudu a allon, sannan ya tsaya yana jiran amsa.

"Me ya ce?"

"Ya ce zai rushe ɗaya, ya gina ɗaya. In yarda?"

"Ni kike tambaya?"

Auta ta kira Malam ta karanta masa. Umma tana jin muryarsa ƙasa-ƙasa, da hayaniyar titi a bayansa. Ya ce ai haka aikin yake, sun yi wannan a aji ya fi sau ashirin, tsohuwa ta sauka sabuwa ta hau. Auta ta rubuta ta yarda. Aka jima kaɗan, layuka suka riƙa komawa kore ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Ta jingina da bango ta yi dariya, rabon da Umma ta ji dariyarta tun kafin a kai Dogo asibiti.

"Ya koma wurina, Umma. Yanzu ba mai rufe mana."

Washegari Umma ta idar da sallah, ta share ɗaki, ta zauna gaban keke tun bakwai saura kwata. Bakwai daidai wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka. Wata mace ce, murya sumul kamar ta masu sanarwa a waya.

"Gwaji. Ɗaya, biyu, uku. Gwaji."

Layin ya katse.

Umma ta dubi wayar, ta juya bayanta, ta sake dubawa. Ta ce, "Auta, zo. Wata ce ta kira."

Auta ta fito da buroshi a baki. Da ta ji abin da matar ta ce, sai ta ajiye buroshin a kan yadin mutane ta buɗe kwamfuta. Wannan sabar tata ce, tana da makulli, ta shiga. Ta buɗe wurin muryoyin. Abu ɗaya ne a ciki, ɗan gwajin da suka saka tun satin farko. Ta koma rumbu ta bi shi layi-layi, har ta iso wani ɗan rubutu da Dogo ya bar wa kansa a ƙasa. Ta karanta a fili, don Umma ta tsare ta da ido.

"Muryoyin Umma na ɗora su da hannu. Kada a sa a rumbu, 'yan aji za su ji su yi min dariya. Zan gyara kafin Malam ya gani."

"To," in ji Umma. "Suna ina ke nan?"

"A tsohuwar."

"Wadda Malam ya ce ta sauka."

Auta ta rufe kwamfutar, ta kira Malam.

Suka koma saman shagon tayoyin, ba ranar karatu ba. Malam ya zo da sauri, ya zauna ya yi ta dannawa, gumi yana bin sanƙonsa. Ya buga waya wuri biyu. Ya ce sabar ɗalibai ba a ajiye mata kwafi, da an rushe ake goge faifan a ba wani. Ya ce ya kamata ya tambaya. Ya faɗi haka sau uku. Umma ta tambaye shi wayar Dogo fa, wadda ya ɗauki muryar da ita? Auta ce ta amsa, kanta a ƙasa: ita ma a kulle take, kuma gwaji biyu ya rage ta goge kanta. Daga nan suka kai wayar wurin mai gyaran waya na bakin kasuwa, ya juya ta a hannu, ya ce in ana so ya buɗe zai buɗe, amma fa duk abin da ke ciki zai wanke. Kwamfutar ma haka ya ce.

Da suka dawo gida la'asar ta yi. Auta ta tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

"Umma, ki yi min faɗa mana."

Umma ta nemi faɗan a cikinta ba ta samu ba. Ta jawo littafin awo, ta buɗe shafin baya, ta miƙa mata da fensir.

"Zauna. Rubuta ɗaya zuwa talatin da ɗaya."

Auta ta rubuta. Umma ta rufe ido ta fara. Ta bulala ranar ɗaya ga wata ce. Ta almakashi ranar huɗu. Akwai wadda yake kwaikwayon muryar likita, akwai wadda tari ya sarƙe shi a tsakiya ya ce a yi haƙuri da mai sanarwa. Akwai wadda ba wasa a ciki, ya ce kawai Allah ya ƙara lafiya, Umma. Suka samu goma sha ɗaya.

"Ta sha biyu fa?"

"Wani abu ne a kan shayi. Ya ce kada in sha da shayi... ko ya ce in sha kafin shayi ya huce."

"Wanne zan rubuta?"

"Tsaya tukuna."

Auta ta tsaya, fensir a kan takarda. Umma ta motsa baki tana gwada zancen a hankali, ta wannan hanya, ta waccan. Duk yadda ta faɗa, muryarta take ji.