Wanda Ya Tsayar da Kumbo

Tun da hantsi Alonzo Pettway ya kafa kujerarsa ta roba a bakin titin Crenshaw, sanye da tsohuwar rigarsa ta aiki wadda maɓallanta suka daina haɗuwa a kan tumbi. Shekara ashirin ya yi a ma'aikatar da ke can hamada yana tafiya a gefen fiffiken kumbon sama jannati duk sanda za a ja shi, idonsa a kan tsinin fiffiken kada ya gogi bango. Yau kumbon ma an yi masa ritaya, za a wuce da shi gidan tarihi ta ƙofar gidansa.

Abokan aikinsa uku ya nema a waya. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya daina gane mutane, na ukun lambarsa ba ta shiga. Shi kuwa abin da yake so bai taka kara ya karya ba: a samu mutum ɗaya tak cikin taron nan da zai yarda cewa shi da kumbon sun san juna.

Jama'a kam ba masaka tsinke, ga masu gasa nama, ga yara a wuyan iyaye. Ya juya ga wata mata da ke kusa da shi.

"Na yi aiki a kansa fa."

"Ka ji Baba! Ni ma ai kakata ce direbansa," ta ce, ta kwashe da dariya ta ɗaga wayarta.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya mayar da idonsa kan titi.

Can wajen azahar hancin kumbon ya ɓullo. An ɗora shi a kan tayoyi rututu, yana tafiya a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, jikinsa duk tabon ƙuna. Ma'aikata masu hular kwano a ka suna biye da shi. Kowa na ihu yana kallon hanci, Alonzo kuwa tsinin fiffiken hagu kawai yake kallo. Sai ya ga ya nufi turken fitila.

Kafin ya yi tunani hannuwansa sun tashi, sun giciye a kan kansa.

"Tsaya!"

Ƙa'idar aikin ce, duk wanda ya yi alamar nan a tsaya, ba a tambayar ko wane ne. Tayoyin suka tsaya cak, titi ya yi tsit. Wani ɗan sanda ya damƙi damtsensa. Kunya ta rufe shi, don sai a lokacin ya tuna ba ya cikin ma'aikata.

Shugabar ayarin, wata matashiya mai suna Yesenia, ta je ta auna tsakanin fiffiken da turken, ta dawo tana share gumi.

"Da sauran taƙi guda, Baba. Tun watan jiya muka auna turken nan." Ta tsaya ta dubi hannuwansa. "Wa ya koya maka wannan?"

"Shekara ashirin a fiffiken hagu, 'yata."

"Ai da gani. Ofisa, sake shi, namu ne." Ta matso. "To ka san sauran ƙa'idar. Wanda ya tsayar, shi ke saki. Kai muke jira."

Ya sani sarai. Ga kumbon nan tsaye a gabansa, har yana iya karanta lambobin da ke jikinsa, kuma ba zai motsa ba sai ya ce. Wallahi da son ransa ne da sun wuni a nan. Ya daɗe yana kallonsa, har mutane suka fara gunaguni.

"Baba," Yesenia ta ce a hankali.

Ya ɗaga hannu ɗaya.

"A tafi," ya ce.

Kumbon ya motsa, Yesenia ta bi shi da gudu, taron duka ya bi su.