Takalman Hureira a Ƙofar Baba Yap

Ranar da sojoji suka zagaye benensu na unguwar Cheras, can ƙasar Malaya, da waya mai ƙaya saboda korona, Hureira na shanya a baranda, sai ta ji kofi ya fashe a gidan maƙwabcinsu. Baba Yap ne, tsoho ɗan asalin Sin da ke zaune shi kaɗai. Daga barandarsa ya ƙura wa wayar ido.

"Sun dawo," in ji shi.

Hureira ta tambayi mijinta Badamasi su wa suka dawo. Shi kuwa Badamasi, mai digiri na uku kan yaƙin cacar baka, ko albasa ka aike shi saye sai ya yi maka lacca kan makaman nukiliya. Ya gyara zama ya ce manyan ƙasashe sun ji tsoron jefa wa juna bam, sai suka koma gwada ƙwanji a ƙasashen mutane, wani a fili, wani a ɓoye. A nan Malaya, Turawan Ingila sun yaƙi 'yan gurguzu da ke daji, suka tattara manoma Sinawa cikin ƙauyuka masu shingen waya don kada kowa ya kai wa 'yan dajin abinci.

"Malam, ni tsohon nake tambaya," in ji Hureira, "ba Amurka da Rasha ba."

Amsar tana wurin tsohon. Azumi ake, kuma ba a shan ruwa a gidan Hureira ba ta miƙa wa maƙwabci kwano ba. Da ta kai masa ƙosai, ta tarar ya jera gwangwanayen kifin da aka raba musu, ya huda kowanne da ƙusa. Haba Baba, wannan ɓarna fa? Ya ce ai haka ake yi a bakin shinge, don abincin ya ruɓe kafin ya isa daji, wanda aka kama da gwangwani ba huji kuwa ya shiga uku.

Daga bayan ƙofar ƙarfensa mai raga ya ba ta sauran labarin da gurgun Turancinsu. Yana ƙarami aka jera mazan ƙauyensu a fili. Aka kawo wani mutum an kifa masa buhu a ka, an huda wurin ido. Duk wanda ya gyaɗa wa kai sai a jefa shi a mota. Ya gyaɗa wa ubansa. Uban bai dawo ba.

"Maƙwabcinmu ne, na tabbata," in ji Baba Yap. "Ban ga fuska ba, sai na kalli ƙafarsa. Har yau takalman mutane nake dubawa."

Tausayinsa ya kama Hureira.

Ranar da aka yi wa mutanen benen gwajin korona, tsohon ya ɓuya a banɗaki. Ba a jima ba tari ya sarƙe shi, irin wanda ake ji ta bango. Ya haɗa hannuwa ya roƙe ta kada ta faɗa wa kowa, ta ce to. Wayyo, wannan "to" ta hana ta sakat! Kullum tarin ƙara nauyi yake, kwanon da ta ajiye masa kuma a rufe take ɗauke shi. Badamasi ya ce in aka yi shiru gawa za a fitar. Ita ma ta sani.

Da hantsi ta zumbula hijabi, ta ɗaura nikabi kamar yadda ta saba in za ta shiga cikin maza, ta sauka ta faɗa wa ma'aikatan lafiya. Suka hawo tare, sun rufe jiki ruf da fararen kaya. Baba Yap na zaune a kujera bayan ƙofar ƙarfen, yana neman numfashi.

"Shi ne wannan?" in ji shugabansu.

Hureira ta yi nuni da baki, irin namu na gida. To amma bakin yana cikin nikabi. Abin da tsohon ya gani kawai shi ne baƙin ƙyalle mai wurin ido, ya gyaɗa kai ta wajensa.

Bai yi gardama ba. Da aka ɗauko shi sai ya sauke ido ƙasa, a kan silifas ɗinta masu ruwan goro, waɗanda kullum yake gani a bakin ƙofarta.

"Ashe ke ce," ya faɗa a hankali, da muryar ƙaramin yaro.

Allah cikin ikonsa Baba Yap bai mutu ba. Bayan an kwashe wayar ya dawo a rame, Hureira ta yi kukan murna. Ta soya ƙosai ta nufi ƙofarsa, amma yana jin takunta ya turo ƙyaure, ta ji sakata ta faɗa. Washegari ma haka.

Badamasi ya ce ta yi daidai, ai rai ta ceta. Ta san gaskiya ya faɗa. Amma tun daga lokacin, in za ta wuce ƙofar tsohon, sai ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu, don kada ya ji ta.