Ƙwayoyin Jinin Hajiya Rukayya

Wata takwas Tayyiba Salisu ta yi tana haya a gidan Hajiya Rukayya da ke unguwar Magajiya a Suleja, amma hirarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa da maganar ruwan famfo ba. Ba rashin jituwa ba ne. Tayyiba kan fita da sassafe don ta riga cunkoson Madalla, ta yini a wata cibiyar bincike a Abuja, ta dawo a gajiye. Hajiya kuwa kullum tana can ƙuryar gida wajen kajinta ɗari biyu masu ƙwai.

Binciken Tayyiba a kan ƙashin mata ne. Idan mace ta kai shekarun ɗaukewar al'ada, wani sinadari mai suna istirojin yakan ragu a jikinta, daga nan ƙashi ya fara rauni. Tayyiba tana karɓar jinin matan da suka yarda, ta raini ƙwayoyin halittar da ke cikinsa, ta ga yadda suke yi. Kowace mace kuma ana cike mata fom mai tambayoyi talatin.

Fom ɗin nan ne ya sa ta murna a wata safiyar Asabar ta watan Agusta. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, tana zaune a baranda da rigar sanyi da kwamfuta a cinya. A ƙasashe da yawa, galibin mata masu waɗannan shekaru sukan ce wani zafi yana taso musu ba zato. A cikin mata sittin da aka tambaya a Suleja, huɗu kacal suka ce suna ji. Tayyiba har ta fara hango sunanta a saman takardar da za ta girgiza masana.

Sai ga Hajiya Rukayya ta fito daga wajen kaji da kiret uku na ƙwai. Ta ajiye su a hankali, ta yaye mayafinta, ta ɗauki kwalin kiret da ba komai a ciki ta shiga fifita kamar mai hura gawayi. Gumi na gangaro mata ta bayan kunne.

"Hajiya, lafiya? A sanyin nan?"

"Ke dai bari, 'yar nan. An kunna mini risho. Yanzu zai mutu."

"Wane risho?"

Hajiya ta nuna ƙirjinta. "Daga nan yake tasowa, ya hau wuya, ya mamaye fuska. Minti uku, huɗu, sai ya sake ni. Shekara biyu ke nan muna tare."

Tayyiba ta rufe kwamfutar rabi. "Hajiya, ba ki cikin matan da aka cike wa fom a asibiti?"

"Ina ciki mana. Na je awon hawan jini wata yarinya ta tare ni da biro."

"To me kika ce da ta tambaye ki wannan?"

"Ai ba ta tambaye ni ba."

Tayyiba ta lalubo tambaya ta goma sha bakwai ta karanta mata: "Kina fama da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya?"

Hajiya ta dube ta, sai ta fashe da dariya har da dafa bango. "Zazzaɓi? Ni da nake kwana a gidan sauro? Na ce mata rabona da zazzaɓi tun bara. Wa ya rubuta muku wannan?"

"Daga Turanci aka juyo shi," in ji Tayyiba a sanyaye. Ba ta faɗa mata cewa ita ce ta juyo shi ba.

"Kuma a kan layi aka tsare mu, ga maza a benci suna jiran kati. Ko da ta faɗa daidai, kina ganin zan buɗe baki in ce al'adata ta ɗauke, Malam Ayuba mai kemis yana zaune yana ji?"

Tayyiba ta kalli lissafinta na wata uku. Ta ji kunya ta rufe ta, amma can ƙasan kunyar akwai wani sauƙi: gara a nan barandar da a gaban manyan farfesoshi.

"Hajiya, za ki taimake ni in sake tambayarsu?"

"Zan tara miki su. Amma da sharaɗi. Jinin da kuka ɗiba, me kuka yi da shi?"

"Muna rainon ƙwayoyin da ke cikinsa."

"Raino? Kamar 'yan tsaki?"

"Kusan haka."

"To sai na gani da idona."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga Islamiyya, mata goma sha tara suka cika tsakar gidan. Hajiya ta tura mijinta, Malam Garba, ya je ya duba gonarsa a Garam, ta sa sakata a ƙofa. Da farko kowa tana jiran wata ta fara. Sai Hajiya ta ba da labarin rishonta, aka yi dariya, bakuna suka buɗe. Amina, wata mai sayar da atamfa a kasuwa, ta ce ita ta ɗauka sammu aka yi mata, har ta daina gaisawa da maƙwabciyar shagonta. Wata ta ce ta zaci ciki ne, ta yi wata biyu tana ɓuyar wa sirikinta. Wata kuma ta ce ita ba ta jin komai sai ciwon gwiwa, aka ce mata ta gode wa Allah ta yi shiru.

Tayyiba ta rubuta har hannunta ya gaji. Ta yi musu bayani cewa ba sammu ba ne, ba kuma cuta ba ce: raguwar sinadarin ce take rikita wurin da ke daidaita zafin jiki a ƙwaƙwalwa. Ta ce ita ba likitar duba marasa lafiya ba ce, amma duk wadda abin ya hana ta sukuni ta je asibiti ta faɗa a fili, akwai taimakon da ake yi. Sha uku daga cikin sha tara suka ce suna jin zafin. Amina ta tashi tun ba a watse ba, ta ce za ta biya ta gidan maƙwabciyar shagonta.

Ran Litinin Tayyiba ta kai wa shugabar sashensu labari. Matar ta cire tabarau ta murza ido, ta ce a gyara tambayar, a nemi izinin sake zagayen, kuma daga yau a riƙa tambayar mata a ɗaki, ba a kan layi ba. Da Tayyiba ta kawo maganar sharaɗin Hajiya, sai ta ce, "Wadda ta ceto mana bincike? Kawo ta."

Hajiya ta sake sa hannu a takarda, aka ɗebi sabon jini. Bayan sati biyu suka shiga mota tare zuwa Abuja, Hajiya ta sha leshi kamar mai zuwa ɗaurin aure. A ƙofar ɗakin gwaje-gwaje aka ɗora mata farar riga a kan leshin, aka ba ta safar hannu.

Wadda ta tarbe su ita ce Madam Priscilla, babbar ma'aikaciyar ɗakin, 'yar garin Diko, mai kimanin shekarun Hajiya. Ta buɗe wani akwati mai kama da firij, sai ɗumi ya fito.

"Ai wannan injin ƙyanƙyasa ne!" in ji Hajiya.

"Ɗan'uwansa ne," in ji Madam Priscilla. "Zafin jikin mutum muke ba su. In ya sauka, su yi fushi."

Ta fito da wani faranti na roba mai ƙananan ramuka, kowane rami da ruwa ja-ja a ciki. Hajiya ta tambayi me suke ci, aka ce sukari da gishiri da wasu sinadarai, ana canza musu duk bayan kwana biyu ko uku.

"Har Lahadi?"

"In ranar ta faɗo, har Lahadi. Daga coci nake wucewa nan."

Hajiya ta jinjina kai. Nan take ta san ta gamu da 'yar'uwar sana'a.

Tayyiba ta ɗora farantin a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta daidaita. Hajiya ta sunkuya, ta rufe ido ɗaya, aka ce ta buɗe duka. Ta daɗe tana kallo.

"Waɗannan manya-manyan masu kama da wainar da ta baje fa?"

"Su ne muke nema. Daga jininki muka raine su. Aikinsu su cinye tsohon ƙashi, wasu kuma su zo su gina sabo. Istirojin ne yake ja musu linzami. Da ya ragu, sai masu ci su fi masu gini sauri," in ji Tayyiba.

Ta canza mata wani faranti, inda aka ɗora ƙwayoyin a kan ɗan siririn yankin ƙashi. Duk sun yi masa ramuka.

"Gara!" in ji Hajiya. "Gara ce a jikina, ina ciyar da ita ban sani ba."

"Ba abokan gaba ba ne, Hajiya. In babu su ƙashi ba zai sabunta ba. So muke mu gane abin da ya sa na wata mace suke zarce iyaka, na wata kuma suke da ladabi."

"Nawa fa?"

"Da sauran lokaci kafin mu sani. Sai mun gwada na mata da yawa."

Hajiya ta sake leƙawa. "Ina ganin nawa suna da ladabi. Dubi wancan, ko motsi ba ya yi."

Kafin su fita ta tambayi abin da ake yi da su idan an gama. Madam Priscilla ta ce ana ɗaukar hotonsu, a ƙirga, sannan a kashe su da magani a zubar. Hajiya ta sake duban farantin. Ba ta zaci abin zai taɓa ta ba, amma ya taɓa ta.

"To a ba ni hoton," in ji ta.

Aka buga mata a takarda. A motar komawa ta nuna wa matar da ke kusa da ita, wata ma'aikaciyar banki da ba ta san ta ba. Kafin su kai Zuba matar ta gama ba ta labarin mahaifiyarta da ta karye a ƙugu daga zamewa a ɗakin girki, Hajiya kuma ta karɓi lambar wayarta, ta ce ta kawo mahaifiyar tata unguwar Magajiya ranar Lahadi bayan la'asar.

Tayyiba, wadda ta matse a kujerar baya, ta leƙo. "Hajiya, ni fa ban ce akwai wani taro ranar Lahadi ba."

"Akwai," in ji Hajiya ba tare da ta waiwayo ba. "Ki zo da biro biyu."