Fil Ɗin da Ya Faɗo a Ruku'u

A garejin nan ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Sau-Ɗaya ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa, don shekara goma sha tara ke nan yana nanata magana guda: "Ni aikina sau ɗaya ne, motar da ta fita daga hannuna ba ta dawowa." Abin haushin kuwa, gaskiya yake faɗa.

Yana da wani tsohon kwano da yake ajiyewa kusa da kansa in ya shiga ƙarƙashin mota. Duk abin da ya kwance, noti ko washa, ciki yake jefawa. In kwano ya koma fanko, aiki ya kammala. Amma bari wani makanike ya manta ko da washa ɗaya, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. Sau-Ɗaya zai ɗaga abin sama kowa ya gani, ya ce, "Astagfirullah! Rayukan mutane fa!" Istigfarin nan nasa kullum a kan laifin wani yake sauka. Wanda ya fi shan wannan wa'azi shi ne Dogo, makaniken da ke aiki a ramin da ke kusa da nasa, magidanci mai 'ya'ya biyar da ba ya iya mayar da magana.

Ranar da abin ya faru, da safe aka kawo masa bas mai kujera goma sha takwas. Ya canja sandar da ke haɗa sitiyari da tayar gaba, ya ɗaure noti, ya leƙa kwano ya ga fanko, ya bugi jikin motar ya ce wa direba, "Allah ya kiyaye hanya."

Da azahar ya bi sahun gaba kamar kullum, a ɗan masallacin da ke bayan gareji. Liman ya yi kabbara aka sunkuya ruku'u, sai wani abu ya zamo daga aljihun gaban rigarsa ya faɗi kan tabarma. Ɗan fil ne mai baki biyu, sabo fil, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Shi ake zurawa a ramin noti a lanƙwasa bakinsa don kada notin ya kwance.

Nan take ya tuna komai. Tsohon fil ɗin ya karye wajen cirewa, ya yar da shi. Ya ɗauko sabo, waya ta yi ƙara, ya jefa shi aljihu ya amsa. Kwano kuwa abin da aka kwance kawai yake lissafawa, bai san da sabon fil ba.

Aka tafi sujada, goshinsa ya sauka dab da fil ɗin. Raka'a huɗu, sujada takwas, kowacce sai ya ga abin nan a gaban idonsa. Bai san me liman ya yi ba, bai san me shi kansa ya karanta ba. Bas ɗin kawai yake gani. Yanzu ta gama lodi a tasha, ta kama hanya. Bayan gidan mai na ƙarshe akwai gangaren nan mai kwana bakwai, dutse a dama, rami a hagu. In noti ya fita a can, direba zai murza sitiyari ya ji shi sakayau a hannunsa.

Ana sallama ya dafe fil ɗin da tafin hannu kafin na kusa da shi ya gani. Ya fita bayan masallaci ya kira direba. A kashe. Ya sake kira, a kashe.

A nan ne wata murya ta fara yi masa magana a zuci, kuma muryar mai hankali ce, ba ta ɗaga sauti. Ai ka ɗaure notin da kyau. Motoci nawa ke yawo ba fil? Ga kwata nan a gabanka, sake shi kawai. In ma wani abu ya faru, wa zai tona tarkace yana neman ɗan ƙarfe kamar tsinke? Har ya miƙa hannu saitin kwatar, bakinsa na cewa astagfirullah, astagfirullah, kamar yadda ya saba.

Sai ya ji kalmar da kunnensa. Gafarar me yake nema, alhali hannunsa na shirin ɓoye laifin? Tsoro biyu ne a cikinsa, na rayuka goma sha takwas da na dariyar Dogo, kuma da ya auna su sai ya tarar na biyun ya fi nauyi. Wannan ya firgita shi fiye da gangaren. Ashe mutumin da ke sahun gaba shekara da shekaru bakin mutane yake tsoro, Allah kuwa a baki kawai yake riƙe da shi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, sai yau iska ta juyo.

Ya dunƙule hannu ya ruga cikin gareji. Yayansa, mai garejin, yana zaune a benci, makanikai sun kewaye shi ana hira.

"Yaya," ya ce. Ya buɗe tafin hannu. "Na bas ɗin safe ne. Ban sa ba."

Makanikai suka zuba wa fil ɗin ido.

"Wa ya manta?" in ji Yaya, idonsa ya riga ya tafi kan Dogo.

Ƙofa ce aka buɗe masa, kuma ya gan ta sarai. Dogo ma ya sunkuyar da kai, kamar mai jiran abin da ya saba.

"Ni ne, Yaya. Ni na yi aikin, ni na manta. Wayar direba a kashe take."

"Innalillahi!" Yaya ya miƙe tsaye. Bai tsaya faɗa ba, ya lalubo lambar mai gidan man da ke bakin gangaren, tsohon abokinsa. "Don Allah ka fita bakin titi da kanka. Farar bas mai ratsin shuɗi. Ko kwanciya za ka yi a gabanta, kada ta wuce!" Ya saurara, fuskarsa ta canja. "Ya ce wata fara ta wuce ɗazu, bai lura da ratsi ba."

Dogo ne ya tayar da babur. "Hau mu je," kawai ya ce.

Tafiyar kusan awa guda ce, Sau-Ɗaya bai taɓa yin mai tsawonta ba. Duk motar da ta taho daga can sai ya leƙa fuskar direbanta, ko zai karanta labari. Duk inda ya hango mutane sun taru sai ya miƙa wuya ya ga ko hatsari ne. Addu'o'in da ya haddace duk sun gudu, abu ɗaya ya rage a bakinsa: "Ya Allah, laifina ne, kada ka kama su da shi." Fil ɗin ya huda masa tafin hannu, bai sassauta ba.

Daga nesa suka hango taro a gidan man. Sai da suka matso ya ga ratsin shuɗi, bas a tsaye kan tayoyinta huɗu, fasinjoji na ta masifa an tsare su cikin rana ba dalili.

"Wai me ya faru ne?" in ji direba. "Wayata ce ba caji, sai ga mutum ya tare ni kamar ɓarawo."

Sau-Ɗaya ya shige ƙarƙashin motar. Ya kai yatsu biyu kan notin, ya ɗan taɓa, sai ga shi ya faɗo cikin tafinsa. Zare ɗaya ya rage yana riƙe da shi. Daga inda yake kwance ƙafafu kawai yake gani: takalman wani dattijo, silifas ɗin wata mata, da wasu 'yan ƙafafu biyu cikin safa ja suna tsalle kusa da taya. Ya kifa fuska a hannu ya yi kuka.

Da ya natsu ya ɗaure notin, ya zura fil, ya lanƙwasa bakinsa. Ya fito ya tsaya gaban fasinjojin ya faɗa musu abin da ya yi, bai rage komai ba. Wata tsohuwa ta zage shi tas, ya tsaya ya sha. Direba ya daɗe yana kallon gangaren, sannan ya share gumi ya ce, "To, Sau-Ɗaya, yau dai an yi sau biyu."

Ba wanda ya yi dariya. Direba ya kama ƙofa zai hau.

"Dakata," in ji Sau-Ɗaya. Ya juya ya miƙa wa Dogo sifana da hannu biyu. "Malam Dogo, don Allah shiga ka duba min aikin nan."

Dogo ya dubi sifanar, ya dubi mai ba shi. Shekara goma sha ɗaya suna aiki kafaɗa da kafaɗa, yau ne karon farko da ya ji an ce masa malam. Ya karɓa, ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashin motar.