Kwalaben Inno

"Ina ka maki ciwo?" malamin asibiti ya tambaya, idonsa na kan kati.

Inno ta ja mayafi ta rufe kafaɗa. "Ƙirji na, malam."

Na zungure ta da gwiwar hannu, ta yi kamar ba ta ji ba. Zana ɗaya ta raba gidanmu da nasu a Gwandu, kuma da hannuna na taɓa abin: ƙullutu ne a nononta na hagu, mai tauri kamar ƙwallon goruba. Amma Inno Bafulatana ce. Matar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa, ita ce za ta ambaci nono a gaban namijin da ba nata ba?

Malam ya rubuta tari a kati, ya cika mata kwalba da jan magani. Ko tari ɗaya ba ta yi a gabansa ba.

A hanya na ce, "Don mi ba ki hwaɗa mai ba?"

"Laraba, yaron ga sa'an ɗana na. Shi da yay yi karatu, ai ya gane."

Bai gane ba. Duk zuwan da muka yi, katin yake karantawa, ba Inno ba. A zuwa na biyar haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Malam, ba tari ba na. Nononta na, ka duba."

"Ke al likita ko ni?"

Ya ɗaga mayafin da bakin fensir, ya leƙa sau ɗaya. "Maruru na." Nan take ya tsaga wurin da aska, ya cusa auduga. Sannan ya sake ba ta jan magani, tunda abin da kati ya ce ke nan. Ni kuwa na ja bakina na yi shiru, don an daka mini tsawa a gaban mutane. Shirun nan har yau yana cin raina.

Wurin bai rufe ba, ta ci gaba da komawa tana karɓo jan magani. Damina ta wuce, wata ta zo. Wari ya sa masu sayen fura a hannunta suka koma wata ƙwaryar. Sai da wanta Jibrin ya zo daga Kalgo ya gan ta, ya ɗora ta a mota zuwa babban asibiti, ni ma na bi.

Likitan can, wanda ba ya jin Hausa, ya daɗe yana dubawa. Tafinta ya ce, "Ciwon daji na, ya ci har hammata. Ya ce da bara kunka zo, da an yanke."

Inno ta ɗan yi murmushi. "Daji? Ni da anka haihwa cikin daji?"

Ba ta sake ganin Gwandu ba. A gidan Jibrin ta cika, kwana goma sha biyu bayan haka, ana kiran azahar. Ni na yi mata wanka, ina kuka ina jin haushin kaina.

Bayan sadakar bakwai, ni da 'yarta Huseina muka shiga kwashe ɗakinta. A ƙarƙashin gado muka tarar da kwalabe tara a jere. Takwas ta shanye tas, ta wanke, ta toshe da tsumma. Ta tara da sauran jan magani rabi, ga cokalinta ɗaure a wuyan kwalbar da zare.