Makullan da Muhsin Ya Bari

Allah Ya jiƙan Muhsin, mutumin kirki ne, amma a wajen aiki kam akwai shi da sakaci. Shi ya haɗa wa ƙungiyar manoman rake da tumatir ta Kudan tsarin da ke tura musu saƙo a waya kowace safiya: yadda kwandon tumatir ya kwana a Ikara, yadda mazarƙwaila ta tashi a kasuwar Makarfi, da ranar rabon taki. Manhaja uku ke wannan aiki, kuma kowacce sai ta nuna makulli, wato kalmar sirri, kafin kamfanin saƙo ko rumbun bayanan manoma ya buɗe mata. To shi gogan naka, maimakon ya yanka wa kowacce nata, sai ya ba su nasa. Da sunansa suke shiga, kuma duk lambar tabbatarwa wayarsa take faɗowa. Matarsa Zubaida, wadda tare suka karanta kwamfuta a Zariya, ta yi magana har bakinta ya gaji. Kullum amsarsa ɗaya ce, zai gyara bayan kaka. Zazzaɓi ya ɗauke shi tun kafin a fara saran rake.

Na'ura ba ta san an yi rasuwa ba, ta ci gaba da aikinta. Zubaida na cikin takaba a gidan iyayensa, kuma shugaban ƙungiya, Malam Yahya, ya roƙe ta ta riƙe musu aikin daga ɗaki. Ta ce to. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta buɗe kwamfuta ta duba ko saƙo ya fita, sai ta ga layin nan da na'ura ke rubutawa: muhsin ya shiga. Ta san ba shi ba ne, ba hankalinta ne ya gushe ba. Amma a duk faɗin duniya nan ne kaɗai wurin da ya rage ake cewa Muhsin ya yi wani abu yau, ba a ce marigayi ba. Don haka gyaran da ta daɗe tana yi masa mita a kai, da ya dawo hannunta, ta ƙi taɓa shi.

Ana nan sai lokacin rabon gado ya zo. Malam Mu'awiyya, baffan Muhsin, shi ke raba gado a gidan tun zamanin iyaye. Aka tara masa kaya, babur da 'yar gona da waya da sauran tarkace. Da aka zo kan waya, ƙanen mamacin, Salman, ya ce a bi a hankali, makullan ƙungiya duk suna ciki. Malam ya ajiye alƙalami, ya ce yau ba rabo, a mayar wa Zubaida wayar tukuna.

Da la'asar ya zo ƙofar ɗakin Zubaida, aka shimfiɗa masa tabarma a bayan labule. Suka gaisa a tsanake, ya yi mata ya ƙarin haƙuri, ya tambayi mutanen gidansu na Kurmin Kogi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce shi bai san kan kwamfuta ba, kuma bai zo koyo ba, tambaya ɗaya ce ta kawo shi. Makullan nan na wane ne?

Ta ce na manoma ne.

"To amana ce ke nan," in ji Malam. "Ba na raba gado da kayan mutane a ciki. Kuma 'yata, wanda ya tafi da amana, tana wuyansa har sai an mayar wa masu ita."

Ta ce, "Na ji, Baba Malam." Ya tambaye ta ko aiki ne mai wuya. Ta so ƙwarai ta ce e, amma ta ce a'a.

Washegari da hantsi ta zauna. Abin da ake bukata ta san shi sarai: wata 'yar manhaja ce da ke zaune a bayan fage ba dare ba rana, wadda ita da Muhsin suke kira maigadi. Ita za ta riƙe makullan duka. Manhajar da ke son tura saƙo ba za ta ƙara ganin makulli da idonta ba, sai dai ta je wa maigadi ta faɗi ko ita wace ce, shi kuma ya ba ta ɗan izini na aro wanda ke mutuwa bayan ɗan lokaci. Zubaida ta shiga babbar kwamfutar ofishin ƙungiya daga inda take, ta girka shi, ta buɗe fayil ɗin saiti. Ta rubuta wa manhaja mai farashi ƙofar da za ta iya shiga, mai rabon taki ita ma tata, ba wadda za ta leƙa ta wata. Ta yanka sababbin makullai da sunan ƙungiya. Babban makullin maigadin kansa kuwa ko nata sunan ba ta sa ba, ta tsara shi ya zauna a hannun Malam Yahya da ma'aji.

Da ta tada shi, sai maigadi ya ƙi kowa. Duk wadda ta zo, ya ce izininta ya mutu. Kai, ka ga wani daɗi da ya ratsa Zubaida! Ga uzuri ya kawo kansa, sai ta aika wa Malam Mu'awiyya cewa abu ya ƙi, a ƙara mata lokaci. Har ta rufe kwamfutar. Amma ta riga ta gane matsalar tun kafin ta rufe, agogon kwamfutar ofis ne ya rikice tun ranar da batirin sola ya mutu. Ta ji haushin kanta da ta gane. Sannan ta buɗe ta saita agogon, maigadi ya karɓi manhajojin uku ba gardama.

Saura abu ɗaya, goge asusun Muhsin, wato sunan da ake shiga da shi. Ta rubuta umarnin, na'ura ta tambaye ta ko ta tabbata. A nan hannunta ya tsaya.

Inna Hindu, mahaifiyarsa, ta shigo da kwanon kunu ta tarar da ita haka. Ta tambayi abin da ya rage, Zubaida ta faɗa mata gaskiya, har da abin da ya sa take ta jan ƙafa. Inna ba ta yi karatun boko ba, kuma da yake ɗan fari ne, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ta ce a nuna mata inda yake. Zubaida ta nuna. Tsohuwar ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Sauke masa, Zubaida," ta ce. "Yaron nan tun yana ƙarami yake ɗaukar kayan mutane. Bar shi ya huta."

Zubaida ta yi bisimilla ta danna. Ba ƙara, ba komai, layi ɗaya ne ya fito ya ce an gama. Ta cire cajar wayarsa, ta naɗe su tare a ɗankwali, ta ba Inna ta kai wa Malam Mu'awiyya da saƙon cewa babu kayan kowa a ciki.

Da gari ya waye Malam Yahya ya kira, muryarsa cike da murna. Ya ce saƙo ya fita a kan kari, ya tambayi mutanen Gubuchi, ya tambayi na cikin Kudan, kowa ya samu. Ya yi ta sa mata albarka, ya ce wallahi aiki ya yi kyau, ko mutum ɗaya bai lura an canja wani abu ba.

Zubaida ta ce alhamdulillahi, ai haka ake so. Ta ajiye wayar ta fashe da kukan da ba ta yi irinsa ba tun ranar jana'iza. Inna na jin ta daga madafi, amma ba ta shigo ba.